Yankin da beyar suka shafe shekara 14 babu mace ko ɗaya

A watan Nuwamban 2004 wani maharbi ya bindige wata macen beyar mai suna Cannelle a yankin Béarn, cikin tsaunukan Pirenis da suka raba Faransa da Sifaniya. Ita ce mace ta ƙarshe a cikin beyar masu ruwan ƙasa 'yan asalin tsaunukan. Ta bar ɗa guda, shi ma namiji.

Daga nan maza kaɗai suka rage a yammacin tsaunukan, haihuwa ta tsaya cik. Akwai mata a tsakiyar tsaunukan, inda aka saki beyar da aka kawo daga Sloveniya a 1996 da 1997 da kuma 2006, amma ba su ƙaraso yamma suka zauna ba.

Dalilin yana cikin ɗabi'ar dabbar. Namiji idan ya girma yakan bar inda aka haife shi, ya yi tafiyar gomman kilomitoci. Mace kuwa takan kafa mazauninta daf da na uwarta. Shi ya sa mata ke taruwa wuri guda, yankinsu na faɗaɗa a hankali, maza kuma su warwatsu a gefe. An ga irin haka a Suwidin da Norwe. Don haka ganin beyar a wani daji ba ya nufin za su hayayyafa a can.

A Oktoban 2018 gwamnatin Faransa ta saki mata biyu daga Sloveniya, Claverina da Sorita, a Béarn. Makiyaya, waɗanda beyar ke kashe musu tumaki, sun tare hanyoyi don hana hakan, sai aka kai dabbobin da jirgi mai saukar ungulu. A 2021 aka ga Sorita da 'ya'ya uku.

Yawan beyar a tsaunukan ya tashi daga biyar a 1995 zuwa fiye da 80 a 2023. Sai dai akwai sauran rina a kaba: akasarinsu jinin namiji ɗaya ne, Pyros, wanda aka kawo a 1997, kuma masana na fargabar barbara tsakanin dangi na kusa za ta raunana zuriyar. Su kuwa makiyaya, duk bazara sai sun haura da garkensu cikin zullumi.