Nauyin da Ke Kan Kwamitocin Ƙungiyoyin Masu Gidaje: Abin da Ya Faru a Fulorida

Idan dai ba a manta ba, a daren 24 ga watan Yuni na shekarar 2021, wani sashe na bene mai hawa 12 da ake kira Champlain Towers South ya rufta a garin Surfside na jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, inda mutum 98 suka rasa rayukansu. Ginin, wanda aka kammala a 1981, yana da gidaje 136, kuma ba gwamnati ko wani attajiri guda ke da alhakin kula da shi ba, sai kwamitin da masu gidajen suka zaɓa daga cikinsu.

A tsarin Amurka, duk wanda ya sayi gida a irin wannan gini ko rukunin gidaje ya zama ɗan ƙungiyar masu gidaje, ko ya so ko ya ƙi, domin sharaɗin yana cikin takardun mallaka. Kwamitin ƙungiyar yana da ikon yanka kuɗin wata-wata, da cin tara, da kai mai gida kotu, har ma a sayar da gidansa idan bashin ƙungiya ya taru a kansa. A madadin haka doka ta ɗora wa 'yan kwamitin nauyin amana, wato su fifita maslahar ƙungiya a kan tasu. Galibi kotuna ba sa kama su da laifi a kan shawarar da suka yanke da kyakkyawar niyya, ko da ta zo da asara, amma wannan kariya ba ta shafi zamba ko cin amana ba.

Sai dai kuma masu riƙe da wannan iko 'yan sa-kai ne da ba a biyan su albashi, kuma waɗanda suke yanka wa kuɗi su ne maƙwabtan da ke zaɓensu. Nan matsalar take ta fuskar tattalin arziki. Rufi da bututun ruwa da ginshiƙai suna tsufa kowace shekara, saboda haka kamata ya yi a riƙa tara kuɗin gyaransu sannu a hankali a asusun ajiya. Amma ɗan fansho da ke lissafin kowace dala, da mai shirin sayar da gidansa baɗi, duk sun fi son kuɗin wata ya yi sauƙi. Kafin 2022 dokar Fulorida ta bai wa masu gidaje damar kaɗa ƙuri'a su rage zubi a wannan asusu ko su dakatar da shi baki ɗaya. Gyaran da aka ɗage kuwa bashi ne da ba ya fitowa a littafin akawu, yana kuma ƙaruwa.

Haka ta kasance a Surfside. A 2018 wani injiniya da ƙungiyar ta ɗauka ya ba da rahoton mummunar lalacewa a kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninkaya, aka kuma ƙiyasta gyaran ginin zai ci kimanin dala miliyan 9. A 2019 akasarin 'yan kwamitin suka ajiye muƙamansu cikin taƙaddama a kan aikin. Sai a watan Afrilu na 2021 aka amince da tara dala miliyan 15, inda kason kowane gida ya kama daga kimanin dala 80,000 zuwa sama da 330,000, alhali abin da ke asusun ajiya bai kai dala miliyan 1 ba. Ba adalci ba ne a ɗora wa kwamitin laifin duka, tunda binciken gwamnatin tarayya ya gano kurakurai tun daga zane da aikin ginin, amma kusan shekara uku da aka kwashe ana jayayya ba a gyara ba suna cikin labarin. A 2022 kotu ta amince da diyyar da ta ɗara dala biliyan 1 ga waɗanda abin ya shafa.

A wannan shekarar ce majalisar jihar ta wajabta binciken injiniya ga benaye masu hawa 3 zuwa sama da suka kai shekara 30, a maimaita duk bayan shekara 10, ta kuma hana ƙungiyoyi yafe wa kansu zubin gyaran ginshiƙai da rufi. Nan take kuɗin wata ya yi tashin gwauron zabo a tsofaffin benaye, masu gidaje da dama suka sa nasu a kasuwa, har majalisar ta sake gyara dokar a 2025, ta ƙara wa'adi, ta kuma halatta cin bashi domin cike asusun.

Har ila yau akwai batun riƙon amana. A watan Nuwamba na 2022 masu gabatar da ƙara a gundumar Miami-Dade suka tuhumi wasu shugabannin ƙungiyar rukunin gidaje na Hammocks da karkatar da kimanin dala miliyan 2. Dokar da ta biyo baya a 2024 ta tilasta wa 'yan kwamiti yin kwas na sanin aiki, ta kuma mai da karɓar na-goro daga 'yan kwangila laifin da ke kai mutum gidan yari.