Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Talabijin Cikin Rahusa

Gabatarwa

Sau da yawa akan sami ɗalibi da tsohuwar kwamfuta wadda allonta ya yi ƙanƙanta ko ya tsage, alhali kuwa ga akwatin talabijin a ɗakin taro ko a gida. Ga mai nazarin Hausa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin hoton takardar ajami, ko fim ɗin da aji zai yi wa sharhi, ba su dubuwa da kyau idan mutum goma suka yi cincirindo a kan ɗan allo guda. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda za a haɗa na'urorin biyu ba tare da ɓarnar kuɗi ba. Za a nuna cewa mafi yawan asarar da ake yi tana zuwa ne daga sayen wayar da bakinta ya shiga kafa, amma saƙon da take ɗauke da shi bai dace ba.

Asalin matsalar

A da can kwamfutocin gida, irin su ZX Spectrum da Commodore 64 waɗanda suka fito a 1982, ta kafar eriya ake jona su da talabijin kai tsaye. Da aiki ya ƙara buƙatar ƙananan haruffa, sai kwamfuta ta koma amfani da allonta na musamman. A 1987 kamfanin IBM ya fito da kafar VGA, mai ramuka 15 a layi uku, wadda galibi shuɗiya ce. Ita wannan kafa saƙon analog take aikawa, watau ƙarfin lantarki ne yake hawa yana sauka gwargwadon hasken launuka uku, ja da kore da shuɗi, kuma ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Ita kuwa kafar HDMI, wadda aka tsara ƙa'idarta a 2002, saƙon dijital take karɓa, watau jerin lambobi, tana haɗa hoto da sauti cikin waya guda. A 2010 kamfanonin Intel da AMD suka ba da sanarwar za su janye daga VGA sannu a hankali, shi ya sa talabijin da yawa na wannan zamani ba su da ita. Ashe ke nan tsohuwar kwamfuta da sabon talabijin kowannensu da harshen da yake ji.

Hanyoyin haɗawa

Kafin a taɓa aljihu, wajibi ne a duba kafofin da suke jikin na'urorin biyu. Daga abin da aka gani za a zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace araha, ita ce idan talabijin yana da kafar VGA, wadda akan rubuta wa PC ko RGB. A nan wayar VGA ta wadatar, sai a ƙara da siririyar wayar sauti daga kafar abin saurare ta kwamfuta.

Ta biyu ita ce idan kwamfutar tana da kafar DVI, wadda ta fito a 1999, galibi fara ce. Saƙon dijital na DVI iri ɗaya ne da na hoton HDMI, siffar baki ce kawai ta bambanta, saboda haka waya mai baki biyu ta isa. Sai dai galibi sauti ba ya biyo ta, dole a nemi 'yar lasifika.

Ta uku, inda aka fi yin asara, ita ce idan kwamfuta VGA kaɗai gare ta, talabijin kuma HDMI kaɗai. A nan waya tsura ba ta aiki, sai an sami 'yar na'urar juya saƙo, wadda za a iya kwatanta ta da tafinta. Amma fa wannan tafinta fuska ɗaya yake fassara. Wadda take juya HDMI zuwa VGA ta fi yawa a kasuwa, kamarsu kuma ɗaya, sai dai ba za ta yi wannan aiki ba. Wadda ake bukata ita ce mai karɓar VGA ta fitar da HDMI, alamarta kuwa tana da wayar USB ta jawo wuta da kuma wayar sauti.

Ta huɗu ta shafi tsohon talabijin mai ƙeya, mai ramuka uku: rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Shi ma sai da akwatin juya saƙo mai amfani da wuta, a kuma saita shi a kan tsarin PAL, wanda aka bi a Nijeriya. Akwai wata waya mai araha, VGA a gefe guda, baki uku a ɗaya gefen. Yawancin kwamfutoci ba su aiki da ita. A kuma sani cewa layi 576 ne kacal suke bayyana a allon PAL, don haka fim zai kallu, amma ƙananan haruffa da wasullan ajami za su dusashe.

Daidaita hoto

Ya fi kyau a jona wayoyi na'urorin suna kashe. Bayan an kunna, sai a zaɓi kafar da aka jona ta hanyar rimot. Daga Windows 7, wanda ya fito a 2009, zuwa gaba, danna maɓallin Windows tare da harafin P yana ba da zaɓin nuna hoto a allo ɗaya ko duka biyu. Idan talabijin ya ƙi nuna komai, kada a yi saurin ɗora wa waya laifi. A rage girman hoton kwamfuta zuwa 1024 da 768, ko 1280 da 720, sa'an nan a riƙa ƙarawa har a kai iyakar abin da zai karɓa. Idan kuwa gefen hoto ya yanke, a jikin talabijin ake gyara wannan, wajen zaɓin faɗin hoto.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tambaya ɗaya ce ginshiƙin aikin: wane irin saƙo kwamfuta take fitarwa, wane iri kuma talabijin yake karɓa? Idan iri ɗaya ne, waya ta isa. Idan sun saɓa, sai da tafinta mai fuskantar inda ya dace. Shawarar da za a ba mai saye ita ce ya ɗauki hoton kafofin biyu ya tafi da shi kasuwa, in da hali ma ya tafi da kwamfutar a gwada a gabansa kafin ya biya, domin matambayi ba ya ɓata.