Borin Jini Mai Naci: Ciwon Da Ke Ɓuya Kafin A Kai Ga Likita

Sau da yawa da yamma yake tasowa, ko cikin dare. Ma'aikaci ya tashi daga Sakatariyar Tarayya, ya sha cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa, ya isa gida ya tuɓe kaya, sai ya tarar da jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar wanda aka zane da bulala. Ƙaiƙayi ya hana shi runtsawa. Gari na wayewa ya nemi izini a ofis ya nufi asibiti, amma kafin layi ya zo kansa fata ta koma sumul, babu ko tabo. Likita ya duba bai ga komai ba. Da daddare abin ya dawo, a wani sashen jikin daban.

Wannan shi ne borin jini. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan gamu da shi ko da sau ɗaya a rayuwa, ya yi kwanaki ya wuce. Wanda likitoci ke kira mai naci shi ne wanda ya haura mako shida yana zuwa yana komawa. Ana ƙiyasta cewa yana damun kimanin mutum ɗaya cikin 100, kuma mata sun ninka maza wajen kamuwa da shi.

A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, dakaru ne na garkuwar jiki. Idan aka tsokane su sai su saki sinadarin histamin, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsatso cikin fata, wurin ya kumbura ya kama ƙaiƙayi. Kowane kumburi ɗaya ba ya wuce awa 24. Idan ruwan ya taru a can ƙasan fata, sai leɓe ko fatar ido ko tafin hannu ya kumbura, wannan kuwa yana iya kai kwana uku kafin ya saɓe.

Tambayar farko da 'yan'uwa da abokan aiki ke yi ita ce: me ka ci? Daga nan sai a shiga soke abinci ɗaya bayan ɗaya. Yau ƙwai, gobe kifi, jibi gyaɗa da madara, har mutum ya rame, borin kuma yana nan daram. Gaskiyar da ke da wuyar karɓa ita ce, abinci ba kasafai yake zama sanadin nau'in mai naci ba. Borin da abinci ke jawowa yakan bayyana cikin mintuna ko awa ɗaya zuwa biyu bayan ci, kuma ba ya zuwa ranar da ba a ci abin ba. A wurin masu fama da mai naci da yawa, garkuwar jikinsu ce da kanta ke tsokanar ƙwayoyin mast. Shi ya sa ake yawan samun sa tare da ciwon tayirod, halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo.

Akwai kuma nau'in da ke da takamaiman abin da ke tayar da shi: sanyi, zafin rana, gumi bayan motsa jiki, matsin bel ko igiyar jaka a kafaɗa. Wani ma ko da farce aka ja masa a fata, sai layin ya taso kamar rubutu.

Ganin cewa ciwon ba ya jiran likita, hujja mafi ƙarfi da majiyyaci zai riƙe tana cikin aljihunsa. Ya ɗauki hoton kumburin da wayarsa a wuri mai haske, ya zagaye guda ɗaya da biro, ya duba washegari ko yana nan. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga masu baƙar fata, domin jan da littattafan likitanci ke nunawa ba ya fitowa sosai a jikinsu. Tudun kumburin ake gani. Idan kumburi ɗaya ya wuce kwana guda a wuri ɗaya, yana zafi fiye da ƙaiƙayi, ya kuma bar tabo, to wataƙila kumburin hanyoyin jini ne, kuma bincikensa daban. Haka nan ƙaiƙayin bayan wanka da na kulorokwin, waɗanda suka zama ruwan dare a ƙasar nan, ba sa zuwa da kumburi. Ƙazuwa da cizon kuɗin cizo su ma sukan rikita mutane.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fata da na garkuwar jiki na duniya suka sabunta a 2021 ba ta nemi gwaje-gwaje barkatai ba. Cikakken bayani daga bakin majiyyaci, ƙidayar ƙwayoyin jini, da gwajin alamar kumburi a jini, su ne matakin farko. Ƙwararre yana iya ƙara na tayirod. Maimaita gwajin taifot da na zazzaɓin cizon sauro duk mako, kamar yadda aka saba, ɓarnar albashi ce kawai. Abin da ya fi amfani shi ne a kai wa likita duk magungunan da ake sha. Asfirin, ibufurofen da diklofenak suna ƙara rura borin a jikin wasu. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril kuwa suna iya kumbura leɓe da harshe ba tare da ƙaiƙayi ba, kuma hakan ya fi aukuwa ga baƙar fata.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi borin kansa illa. Mutum ya gaji, ya shafa manja bai ga sauƙi ba, sai ya leƙa kemis a ba shi deksametason ko firednisolon. Cikin sa'o'i fata ta kwanta, ya ɗauka ya dace. Ya daina sha, borin ya dawo da ƙarfinsa, ya sake saye. A haka wata uku ya zama shekara. Fuska ta cika, tumbi ya fito, suga da hawan jini su hau, ƙashi ya yi rauni, ido ya yi yana. Mafi haɗari, jiki yakan daina sarrafa nasa sinadarin, ta yadda yanke maganin farat ɗaya zai iya kwantar da mutum. Ƙa'idar ta amince da waɗannan magunguna ne kawai na ɗan lokaci, kwana goma iyaka, idan borin ya yi tsanani. Wanda ya riga ya daɗe a kansu, likita ne zai sauke shi sannu a hankali.

Maganin gaskiya hawa-hawa ne. Ana farawa da sababbin magungunan toshe histamin da ba su cika sa barci ba, irin su setirizin, loratadin da feksofenadin, ƙwaya ɗaya kullum, ko da ranar da fata take lafiya. Masu sha sai ƙaiƙayi ya taso su ne suka fi cewa maganin ba ya aiki. Tsohon Piriton da kowa ya sani yana kashe jiki har washegari, abin da bai dace da direban ofis ko mai rubuta wa minista jawabi ba. Idan an yi mako biyu zuwa huɗu babu sauƙi, likita yana iya ninka adadin har sau huɗu, amma wannan hukuncinsa ne, musamman ga mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda.

Idan hakan bai wadatar ba, sai a ƙara allurar omalizumab, miligiram 300 duk mako huɗu, wadda Amurka da Tarayyar Turai suka amince da ita don wannan ciwo a 2014. Tana da tsada sosai, don haka ya kamata ma'aikaci ya fara tambayar kamfanin inshorarsa abin da tsarin NHIA zai ɗauke masa, ya kuma nemi takardar turawa zuwa likitan fata. Bayanta akwai siklosforin, wanda ke buƙatar sa ido a kan ƙoda da hawan jini.

Don a san ko magani yana ci, akwai ma'auni mai sauƙi: kowace rana a ba yawan kumburi maki daga 0 zuwa 3, ƙaiƙayi ma haka, a haɗa na kwana bakwai. Jimillar ba ta wuce 42, burin kuwa shi ne ta sauka zuwa sifili.

Borin jini mai naci ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba kasafai yake barazana ga rai ba. Amma duk wanda harshensa ko maƙogwaronsa ya kumbura, muryarsa ta dushe ko numfashi ya yi masa wuya, sashen gaggawa zai nufa a take. Ga mafi yawan majiyyata ciwon yakan lafa da kansa, wasu cikin shekara ɗaya ko biyu, wasu sai sun haura biyar. Idan aka yi watanni fata ba ta tashi ba, likita yakan rage ƙwayar kaɗan-kaɗan ya ga ko borin ya tafi.