Zubar Gashin Kare: A Dubi Fata Kafin A Nemi Magani

Kare ba baƙo ba ne a ƙasar Kwali. A ƙauyuka irin su Yangoji da Kilankwa da Dafa, manoma da mafarauta sun daɗe suna shiga gona da daji da karnukansu. Abin da ya zo daga baya shi ne karnukan ƙasashen waje. Tun da gidaje suka fara yaɗuwa daga Gwagwalada zuwa Sheda, a bakin titin Abuja zuwa Lokoja, ma'aikata da 'yan kasuwa suka shiga sayen manyan karnuka irin Alseshan da Kokeshan domin gadi. Da zuwansu ne ƙorafin zubar gashi ya yawaita. A share tsakar gida da safe, kafin la'asar gashi ya sake taruwa a lungu, ya maƙale a shanya, har a butar alwala a tsince shi.

Zubar gashi a karan kanta ba cuta ba ce. Kowane gashi yana da lokacinsa: ya tsiro, ya tsufa, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Karen gida namu gajeren gashi gare shi, shi ya sa nasa ba ya ɗaukar ido. Alseshan kuwa asalinsa Jamus, Kokeshan daga duwatsun Kokasas masu ƙanƙara, kuma dukkansu gashi hawa biyu gare su: dogo mai kauri a sama, da mai laushi kamar auduga a ƙasa. A ƙasashensu tsawon yini ne ke sa jikinsu ya zubar da na ƙasan, galibi sau biyu a shekara. A Kwali bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kusan awa ɗaya ne kawai, don haka zubar ba ta da tsayayyen lokaci, tana iya ɗaukar shekara sukutum. Hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yakan busar da fata ya ƙara tsananta abin. Karyar da ta haihu ma takan zubar sosai bayan wata biyu ko uku, daga baya gashin ya dawo.

Saboda haka yawan gashin da ka share ba shi ne ma'auni ba. Ka kira karenka cikin hasken rana, ka sa hannu ka buɗe gashin har ka ga fata. In fatar sumul take, ba ja, ba ƙuraje, ba wari, gashin kuma ya rufe ko'ina, to lafiyarsa lau. Aikinka taza ne kawai. A sami buroshi ko matajin ƙarfe mai dogayen haƙora, a riƙa taje shi a waje sau uku ko huɗu a mako, a bi yadda gashin ya kwanta. Abin da mataji ya kwaso, shi ne da zai watsu a gida. Wanka sau ɗaya a wata ya isa, da sabulun karnuka. Omo da sabulun wanki suna wanke maiƙon fata, su bar ta a bushe, zubar ta ƙaru. Kada kuma a yi masa ƙwal-kwabo wai don tausayin zafi. Gashin saman nan shi ke kare fatarsa daga rana da cizon ƙuda, kuma in an aske ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Akwai batun abinci, wanda a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum ya kashe maƙudan kuɗi ya sayi kare, sannan ya bar shi da ƙanzon tuwo da ragowar shinkafa. Gashi da abinci mai gina jiki ake yin sa. Dafaffen ƙwai, kifi, da guntayen nama daga mahauta suna gyara shi cikin 'yan makonni. A guji zuba masa miya mai yawan albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare. Tsutsar ciki ma takan sa gashi ya dusashe, shi ya sa likitoci ke cewa a ba babban kare maganinta duk wata 3.

Labari yana sauyawa ne idan ka buɗe gashi ka tarar da sanƙo, ko ɓawo, ko karen na susa ba dare ba rana. Duba gindin wutsiya. In ka ga baƙin gari kamar barkonon da aka niƙa, ka kakkaɓe shi a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Idan ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Kaska kuwa cikin kunne da tsakanin yatsu take laɓewa, kuma da damina take yawaita. Tana ɓuya a tsagar bango da keji, don haka wanke kare kaɗai ba ya kashe ta, sai an gyara makwancinsa. Tana kuma ɗauke da cututtukan jini masu kisa. Ƙazuwa takan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba da ciki. Makero zagaye yake fitowa, gashin wurin ya kakkarye. Waɗannan biyun suna iya kama mutum, musamman yaran da ke wasa da kwikwiyo.

A nan ne mutane ke tafka ta'asa. Wani ya shafe kare da baƙin mai, wani kananzir, wani ya dama maganin feshin gona ya yi masa wanka. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kare yana lasar jikinsa, gubar kuma tana shiga ta fata. Sai ka ga yawu na dalala, jiki na rawa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allurar shanu da ake saya a kasuwa a tsira masa ba tare da an auna nauyinsa ba, ita ma tana kisa.

Mutanen Kwali ba su da nisa da masana. Jami'ar Abuja tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada, inda za a kankari fatar a duba ta da madubin likita, a gane ko ƙazuwa ce ko makero, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka je, ka tambaya a yi masa rigakafin ciwon haukan kare. Kai kuma da kake shirin sayen kare mai yawan gashi, ka tanadi mataji da kuɗin abincinsa tun kafin ka kawo shi gida.