Sunan haja a takardar neman rajista ta OAPI

A Nijar, mai son kare sunan da ya laƙa wa hajarsa yana bi ne ta ƙungiyar OAPI, wadda mazauninta ke Yawunde, a Kamaru. Yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ce tushen aikinta. An sake duba ta a 1999, sa'annan a 2015 a Bamako. Ajiya ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 na ƙungiyar, na tsawon shekara 10, kuma ana iya sabunta ta. Ana kai dosiye Yawunde kai tsaye, ko a bi ta ofishin haɗin gwiwa na ƙasa da ke Yamai.

Mafi yawan gurabun takardar ba su da wuya: sunan mai nema, adireshinsa, wakilinsa in akwai, da shaidar biyan kuɗi. Gurbin aji yana bin rabon Nice, mai aji 45: 34 na kaya, 11 na hidimomi. Man gyaɗa da kilishi da cuku suna aji 29, gari da zuma da yaji aji 30, ɗanyar albasa aji 31, sabuni aji 3. Abin da aka lissafa shi ake karewa; wanda ya rubuta man gyaɗa kaɗai bai kare sabunin da zai yi baɗi ba.

Inda magana take shi ne gurbin sunan kansa, kuma magana ce ta harshe kafin ta zama ta shari'a. Rataye na 3 na yarjejeniyar ya hana rajistar sunan da ba ya bambanta kayan wani da na wani, musamman idan shi ne sunan da kowa ke kiran abin da shi. Ke nan mai kilishi a Madawa ba zai mallaki kalmar «kilishi» ba, haka mai cuku ba zai mallaki «cuku» ba, don zai rufe wa abokan sana'arsa baki. Amma «Tauraruwa» a kan kwalbar man gyaɗa suna ne da ke tsayawa, tunda babu abin da ya haɗa tauraro da gyaɗa. Tsakaninsu akwai sunaye irin su «Mai Kyau» ko «Na Gida», waɗanda ƴan kasuwa ke so ƙwarai, alhali su ne masu rauni: yabo ne da kowa ke iya yi wa kayansa.

To, harsunan aikin ƙungiyar Faransanci ne da Ingilishi. Kalmar da ɗan Maraɗi ke ji a matsayin sunan abu na kullum, mai binciken dosiye yana iya ɗaukar ta ƙirƙirarren suna. A ganinmu wannan ba sa'a ba ce ga mai nema, domin rajistar da aka samu ta haka ana iya kai ƙararta a soke ta, bayan an riga an buga kwali da leda. Sunan da ya zama na yanki gaba ɗaya yana da hanyarsa dabam, ta alamar asalin wuri, wadda kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu a 2021.

Sai batun rubutu. Kalma ɗaya tana fitowa a kasuwa da fuska biyu: «kilishi» da «kilichi», «cuku» da «tchoukou». A kunne ɗaya suke, kuma kamanci a furuci yana cikin abin da ake dubawa idan sunaye biyu suka yi karo; saboda haka binciken sunayen da suka rigaya ya kamata ya bi rubutun duka biyu. Baƙaƙe masu ƙugiya ma suna da tarko: injin da ya zubar da ƙugiya yana maida «ƙasa» ta koma «kasa», wato maciji. Samfurin da aka manna a takarda shi ne abin da aka ajiye, don haka a rubuta shi daidai yadda zai fito a jikin haja.

A ƙa'ida, wanda ya fara ajiya shi ne mai suna, ko da wani ya daɗe yana sayarwa da shi. Kuma Nijeriya ba ta cikin OAPI: ɗan kasuwar da kayansa ke tsallaka Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina sai ya sake wata ajiya a ofishin rajista na Abuja, inda wa'adin farko shekara 7 ne.