Yadda ƙaramar waya ta kai saƙon korona har ƙauye

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, a Legas. Nan take hukumomin lafiya suka fuskanci tambaya: ta yaya za a faɗakar da mutumin ƙauye da ba shi da data, kuma wayarsa ƙarama ce mai tocila?

Hanya ta farko ita ce saƙon tes. Hukumar NCDC ta riƙa tura gajerun saƙonni ta kamfanonin sadarwa kan wanke hannu da guje wa cunkoso. Tes yana shiga kowace irin waya ko da sabis ɗin 2G ne. Sai dai saƙo ɗaya haruffa 160 kawai yake ɗauka, kuma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya ragu zuwa 70. Ga shi kuma wanda bai iya karatun boko ba sai ya nemi mai karanta masa.

Shi ya sa murya ta fi tasiri. A tsarin IVR, mutum zai kira lamba, ya danna madanni ya zaɓi harshe, sannan ya saurari bayanin da aka naɗa. A shekarar 2020, kamfanin Viamo yana da irin wannan a layin Airtel, ta lambar 321, har da Hausa. A Indiya kuwa, muryar jarumi Amitabh Bachchan aka sa a madadin ƙarar jiran ɗaga waya, duk wanda ya buga kira sai ya ji gargaɗin.

Amma wayar da ke kai gaskiya ita ke kai ƙarya. A lokacin Ebola, a Agustan 2014, saƙon wanka da ruwan gishiri da shansa ya karaɗe ƙasar nan cikin dare ɗaya, har aka rasa rayuka. Irin wannan haɗari ne ya sa a Afrilun 2020 WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya yawata sosai zuwa waje ɗaya a lokaci guda.

Kai da ke riƙe da babbar waya, kai ne 'yan gida ke tambaya. Kafin ka tura saƙon lafiya, duba shafin NCDC ko WHO. In ka tabbatar, naɗa shi da muryarka cikin Hausa, ka aika wa na ƙauye.