Tsakanin Likita da Majinyaci: Ma'anar Juye a Ilmin Binciken Zuci

A yawancin aikin likita, abin da ke warkarwa yana hannun likitan ne, ko allura, ko ƙwaya, ko wuƙar fiɗa, ba a kuwa damu ƙwarai da ko majinyaci yana ƙaunar likitansa ko yana ƙinsa ba. Amma akwai wani reshe na maganin damuwar rai wanda a cikinsa wannan so da ƙi su ne kan maganar duka. Shi ne ilmin da Sigmund Freud, likitan jijiyoyi na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Turawa suna kiransa saikonalisis, a nan kuwa za a kira shi binciken zuci, da nufin zuciyar da a ke tunani da so da tsoro da ita. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda masu wannan ilmi suka fara ɗaukar abin da ke gudana tsakanin likita da majinyaci a matsayin cikas, daga baya suka gane shi ne babban makamin aikinsu, da kuma sharaɗin da ke wuyan wanda ya riƙe makamin.

Yadda a ke aikin

Tushen ilmin shi ne cewa a zuciyar ɗan Adam akwai wani sashe ɓoyayye, inda buri da tsoro da fushin da mutum ya danne tun yana yaro su ke kwance. Mai su bai san da su ba, amma suna juya halinsa, har su kan fito da siffar ciwo, kamar fargaba marar dalili, ko shanyewar hannu alhali jijiya lafiya lau. Maganin kuwa magana ce. Majinyaci ya kan kishingiɗa a kan doguwar kujera, likita ya zauna ta wajen kansa inda ba za su haɗa ido ba, a ce masa ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, kome muninsa, kome rashin kan gadonsa. A zamanin Freud a kan yi haka wajen sa'a guda, kwana shida a mako, watanni ko shekaru. Duk wanda ya yi tunani zai ga cewa mutum biyu ba za su daɗe a kan wannan hali ba, ɗaya yana tona cikinsa ɗaya yana saurare, ba tare da wani abu ya tsiro a tsakaninsu ba.

Asalin gane juye

Tun a littafin da Freud da abokinsa Josef Breuer suka buga a 1895 a kan ciwon da a ke kira histiriya, Freud ya lura cewa waɗansu majinyata su kan ɗora wa likita wani buri ko zargi wanda ba shi ne asalinsa ba. Amma abin da ya buɗe masa ido sosai shi ne jinyar wata budurwa 'yar shekara 18, wadda ya sakaya sunanta ya ce da ita Dora. Mahaifinta ne ya kawo ta a 1900, tana kukan cewa wani aminin uban yana nemanta da lalata, manya kuwa sun ƙi gaskata ta. Bayan mako 11 sai ta ce ta daina zuwa. Da Freud ya buga labarin a 1905, ya bayyana cewa hankalinsa ya tafi ga fassara mafarkanta, bai farga da wuri ba cewa ta riga ta sa shi a sahun mazajen da suka ci amanarta, ta rama a kansa ta hanyar barinsa. Masana na baya sun ƙara da cewa shi ma bai ba kukanta nauyin da ya cancanta ba, watau laifin ba na zuciyarta kaɗai ba ne.

Wannan hali shi ya kira Übertragung da Jamusanci, ma'anarsa ɗauke abu daga wani wuri a kai wani. Kalmar juye ta dace da shi, gama kamar yadda a kan juye hatsi daga wannan buhu zuwa wancan, haka majinyaci ke juye wa likita so da tsoro da fushin da ya tara game da uwa ko uba ko wa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga misali: mutumin da ya tashi a hannun uba mai tsanani, wanda ba ya yabo, yana cikin magana sai ya ji likita ya gyara zama. Nan da nan ya yanke cewa an gaji da shi, ya yi shiru, ko ya shiga ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Likita bai ce kome ba. Tsohon tsoro ne ya sami sabon mazauni.

A takardun da ya rubuta a 1912 da 1914, Freud ya nuna cewa juye yana da fuska biyu. Yana tare hanya, domin majinyaci ya kan bar neman lafiya ya koma neman yardar likita ko yaƙi da shi. Yana kuma buɗe hanya, domin abin da mutum ya kasa tunawa ya faɗa da baki, sai ya maimaita shi a aikace a gaban likita. Da haka rikicin da ya shekara talatin a binne ya kan taso da ransa a cikin ɗaki, inda za a iya nuna wa mai shi, a yi ta bi da shi sannu a hankali har ya rarrabe jiya da yau.

So a ɗakin magani

Mafi wuyar juye shi ne sa'ad da majinyaci ya kamu da son likita. A 1915 Freud ya keɓe takarda guda a kan haka. Ya ce likita ba shi da damar amsa wannan so, gama in ya amsa ya rushe maganin, ya kuma ci amana. Ba shi kuma da damar tsawata wa mai shi ya ce a danne, gama ya yi wahalar tono abu ke nan sa'an nan ya sake binne shi. Abin da ya wajaba shi ne ya riƙe son a matsayin abin bincike, ya tuna cewa zaman ɗakin ne ya jawo shi, ba kyansa ko cancantarsa ba.

Gargaɗin yana da dalili. Carl Jung, wanda ya taɓa zama babban almajirin Freud, ya yi jinyar wata budurwa Barashiya, Sabina Spielrein, a asibitin Burghölzli na Zurik tun daga 1904, daga baya zumuncinsu ya wuce iyakar likita da majinyaciya. Ita kanta ta zama likita, ta yi rubuce-rubuce masu daraja a wannan ilmi, wasiƙunta da littafin sirrinta da aka gano a Janiba a 1977 su ne suka bayyana zurfin al'amarin. A yau ƙungiyoyin likitoci da na masu wannan sana'a sun haramta irin wannan hulɗa, a kan kuma kori wanda ya aikata.

Zuciyar likita

Laifi tudu ne, in ji masu magana. Likita ma ɗan Adam ne, yana da nasa iyaye da nasa tabo. A taron da aka yi a Nurembag a 1910 Freud ya ambaci abin da za a kira martanin juye, watau abin da majinyaci ke tayarwa a ɓoyayyen sashe na zuciyar likita. A ganinsa aibi ne da ya kamata a gane shi a shawo kansa. A 1912 ya shawarci likitoci su yi koyi da mai fiɗa, wanda ke ajiye tausayinsa gefe don aikin ya yi kyau, su kuma zama kamar madubi, kada su nuna wa majinyaci kome sai abin da ya nuna musu. Daga nan ne aka sami ƙa'idar da makarantar Balin, wadda aka buɗe a 1920, ta tabbatar: ba mai binciken zuciyar wani sai an binciki tasa, sa'an nan ya yi aiki ƙarƙashin idon wani babba.

Sándor Ferenczi na Budafes bai gamsu da wannan sanyi ba. Ya ga cewa mutumin da aka wulakanta yana yaro, in ya tarar da likita shiru kamar dutse, an sake yi masa abin da aka yi masa ke nan. Ya gwada sassauci da nuna ƙauna, har ya yarda wata majinyaciya ta riƙa bincikensa kamar yadda ya ke bincikenta, daga baya shi da kansa ya ga hanyar ba ta ɓullewa. Ya rasu a 1933 suna cikin saɓani da Freud, aka daɗe ba a waiwayi ra'ayinsa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai magana ta sake. Donald Winnicott, likitan yara a Landan, ya buga takarda a 1949 yana cewa akwai majinyatan da dole su tayar wa likita da ƙiyayya, kamar yadda jariri kan gajiyar da uwar da ke sonsa. Likitan da ya musanta haka ya fi haɗari, gama ƙiyayyar da ba a sani ba ita ce ke fita ta bayan gida. Paula Heimann kuwa, wadda ta gudo daga Balin zuwa Landan a 1933, ta lura cewa ɗalibanta suna jin kunyar duk abin da suka ji game da majinyaci, har suna sandarewa. A takardarta ta 1950 ta ce abin da likita ke ji yana cikin manyan kayan aikinsa, domin zuciyarsa kan riga hankalinsa fahimtar majinyaci. Heinrich Racker ya kai ga irin wannan ra'ayi a ƙasar Ajantina a waɗannan shekaru. In likita ya ji haushi na taso masa duk sa'ad da wani ya shigo, sai ya tambayi kansa: wannan nawa ne, ko kuwa matsayin uban nan mai tsanani a ke tura ni in hau? Sharaɗin Heimann shi ne likita ya jure abin da ya ji, ya yi tunani a kansa, kada ya aikata shi, kada kuma ya sauke wa majinyaci nauyinsa da sunan faɗin gaskiya.

Abin da bincike ya tabbatar

An soki binciken zuci ƙwarai. Karl Popper ya ce ilmin da ke da amsa ga kowane hali ba shi da hanyar da za a ƙaryata shi, Adolf Grünbaum kuma a 1984 ya ce yardar majinyaci da fassarar likita ba hujja ba ce, tun da juyen kansa yana iya sa shi yarda. Wannan suka tana da ƙarfi, yawancin masana halin ɗan Adam a yau ba su karɓi dukan koyarwar Freud ba. Duk da haka abu biyu sun tsaya. Na ɗaya, gwaje-gwajen Susan Andersen a Amurka tun daga 1990 sun nuna cewa in aka kwatanta wa mutum baƙo mai ɗan kama da wani na jikinsa, ya kan jingina wa baƙon halayen da ba a faɗa masa ba, na wancan ne. Na biyu, Edward Bordin ya bayyana a 1979 cewa kowace irin jinya ta magana tana tsaye a kan yarjejeniyar manufa, da ta aiki, da amincin da ke tsakani. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 295, na majinyata fiye da 30,000, ya sami cewa inda wannan haɗin kai ya yi ƙarfi an fi samun sauƙi, ko wace hanya likitan ke bi, ko da ya ke tasirin matsakaici ne.

Abin lura ga malamai

Juye bai tsaya a ɗakin likita ba. Freud da kansa ya rubuta a 1914 cewa 'yan makaranta su kan mai da malamansu madadin ubanninsu, su so su su ƙi su fiye da abin da malaman suka yi. Wanda ke horar da malamai ya san ɗalibin da ke rawar jiki in an kira sunansa, da wanda ke gardama da kowane umurni, da wanda ya maƙale wa malami guda. Malami ba likita ba ne, bai kamata ya shiga fassara zuciyar yaro ba. Abin da zai ɗauka daga wannan ilmi kaɗan ne, amma yana da amfani: kada yabon ɗalibi ya ruɗe shi, kada tsiwarsa ta sa ya rama, in kuma ya ga wani yaro yana ba shi haushi fiye da kima, ya fara bincikar kansa kafin ya ɗauki bulala.